Haushin Duna a Gindin Rumbu

Ranar wata Alhamis ce, a bazarar da ta biyo bayan shekarar fara, ina tsugune a tsakar gidanmu na Gure ina tsince tsakuwa daga ɗan geron da ya rage, sai Baba ya shigo da sauri ya ce dogaran kumandan, Baturen mulki, suna bi unguwa-unguwa suna ɗibar samari aikin hanya na tilas. Wanda aka ɗauka bara daga gidan maƙwabtanmu, rigarsa kaɗai aka dawo da ita. Nan take Inna ta tura yayana Mamman cikin rumbun da fara ta bar mana wayam, aka mayar da jinka aka rufe. Shekaruna bakwai a lokacin.

Ba wanda ya tuna da Duna, baƙin karenmu mai tsare awaki daga kura. Mamman ne ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a hanyar Bune, shi yake ba shi ragowar tuwo, shi ne wanda Duna yake bi gona. Da ya shinshino inda ubangidansa yake, sai ya kafa ƙafafu a jikin rumbu, ya shiga haushi yana kaɗa wutsiya. Inna ta jefa masa ƙanzo, ko kallo bai yi ba. Na ja shi bayan ɗaki na ɗaure a turken jaki, ya tsinke igiyar ya koma. Baba ya ɗaure masa baki da kaba, karen ya sa ƙafa ya kwance, bakinsa na jini, bai fasa ba. Na rungume wuyansa ina raɗa masa, "Duna, yi shiru, don Allah yi shiru." Daga cikin rumbu Mamman ma yana roƙonsa ƙasa-ƙasa, muryar kuwa ita ta ƙara haukata shi. Inna ta dafe kai ta ce, "Ƙauna ce za ta tona mu."

Sai muka ji haniniyar dawaki a bakin rijiyar unguwa. Baba ya dubi rumbu, ya dubi kare, ya ce, "Hadiza, je ki ɗebo ruwa." Randa cike take, amma na ɗauki tulu. Ban kai zaure ba na ga ya ɗaga taɓarya. Sau biyu na ji saukarta, gidan ya yi tsit.

Dogarai suka shigo, suka leƙa ɗakuna, suka sha ruwa, suka tafi. Da la'asar Mamman ya fito sharkaf da gumi, ƙaiƙayi ya manne masa a jiki. Ya naɗe Duna a tsohuwar tabarma, ya saɓi fartanya ya nufi bayan gari. Wata guda ya yi bai haɗa ido da Baba ba, Baba kuma bai sake bari an kawo kare gidan ba har ya rasu.

Yanzu jikokina kan yi ƙorafi cewa karen maƙwabci ya hana su barcin rana, a je a yi wa mai shi magana. Nakan ce su ƙyale shi. Gidan da kare ke haushi son ransa, gida ne da ba a ɓoye kowa a ciki ba.