Ovide Ancar, Mai Neman Matarsa a Fadama

Ovide Ancar a kan jirgin fito ya ci ƙuruciyarsa, a kansa kuma furfura ta same shi. Idan jirgin ya taso daga waccan gaɓar kogin Mississippi ya iso, shi ne mai jefa igiya ya ɗaure, ya ɗaga hannu motoci su sauka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Babu wanda bai bi ta gabansa ba a garin: amare, 'yan makaranta, masu kai jatan lande kasuwa, har gawawwakin da ake dawowa da su daga asibitin birni. Yara Kawu Ovide suke ce masa, ko da babu dangantaka.

Garin siriri ne, titi ɗaya da gidaje a jere. Jingar gaba tana tare kogi, jingar baya tana tare fadama da teku, mutane suna zaune a tsakani.

Matarsa Eulalie ita ce bakin gidan. Doguwa ce, mai dafa abinci a makarantar firamare, idan ta yi dariya har maƙwabta na uku sai sun ji. Tana yawan ba da labarin aurensu a gabansa.

"Sau nawa na hau jirgin nan ba ni da abin yi a ƙetare? Na je na dawo, na je na dawo, bawan Allahn nan igiya kawai yake kallo. Ƙarshe ni na ce masa, kai, za ka aure ni ko sai na tsufa a kan ruwa?"

Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ci gaba da ɓare lemonsa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Odile, wadda ta yi karatun jinya ta zauna a birnin Houston. Bayan Ovide ya ajiye aiki, ciwon suga ya sa Eulalie a gaba. Ya fara da yatsun ƙafa, ya gama da ita a watan Afrilu. Aka sa mata shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, aka naɗa mata carbinta a hannu, aka zura akwatin a ɗakin siminti a maƙabartar bayan coci, a saman ƙasa kamar na kowa. Tun daga nan kullum da safe sai Ovide ya ɗauki kofinsa na gahawa ya je ya zauna a gefen kabarin. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana saurare, yanzu shi ne mai ba ta labarin gari.

A ƙarshen Agusta rediyo ya fara maganar guguwa. Odile ta tuƙo mota tun daga Houston, ta same shi yana buga katako a tagogi.

"Baba, ɗauko magungunanka mu tafi."

"Na ga guguwar Betsy, na ga ta Camille. Wannan ma za ta wuce."

"An ce kowa ya fita, Baba."

"To mahaifiyarki fa? In bar ta ita kaɗai?"

Clovis Duplessis ne ya shiga tsakani, abokinsa tun suna yara, masuncin jatan lande, wanda kuma shi ya riƙe Odile ranar baftismarta. Ya leƙo daga motarsa ya ce, "Kai tsohon banza, shiga mota! Eulalie tana cikin siminti, ta fi ka tsaro. Da tana nan da tuni ta ja ka da kunne."

Ovide ya ajiye guduma. Ya je maƙabarta ya dafa kabarin, ya ce mata jibi zai dawo.

Bai dawo jibi ba. Guguwar ta turo teku gaba ɗaya, ruwa ya haure jingar baya ya yaga ta, ya cika garin har saman rufin gidaje. Da iska ta lafa kuma, jingar da aka yi don ta kare su ita ta riƙe ruwan ya hana shi fita. Ya zauna makonni, baƙi, mai gishiri da warin mai.

Da aka buɗe hanya, Clovis ya mayar da Ovide garin. Gidan Ovide babu shi, sai matakalar siminti tana hawa zuwa inda babu komai. Ruwan gishiri ya ƙone itatuwan lemonsa a tsaye kamar an bi su da wuta. Ko tsayawa bai yi ba, ya ce a wuce coci.

Maƙabartar ta zama kamar an yi yaƙi a cikinta. Kaburbura sun kife, wasu sun tsage, marafansu a warwatse cikin laka. Ruwa ya ɗaga akwatunan ya yi gaba da su. Ovide ya durƙusa a bakin na Eulalie ya leƙa. Laka ce a ciki da mataccen kifi. Ya zura hannu har kafaɗa yana lalube, kamar za ta iya maƙalewa a wani lungu.

"Clovis," ya ce, "kai ka ce ta fi ni tsaro."

Clovis ya cire hularsa. Washegari da sassafe ya zo da ɗan ƙaramin jirginsa mai inji, wanda shi kaɗai ya tsira masa.

Haka suka shiga fadama. Ovide a gaba da doguwar gora yana buɗa ciyawa, Clovis a baya yana tuƙi. Sun ga firji, sun ga ƙofar wani gida da labulenta, sun ga saniya a rataye a reshe. Akwatin farko da suka samu yana jingine da wata bishiya, Ovide ya faɗa ruwa har ƙirji kafin jirgin ya tsaya. Da ya goge lakar ya ga ba nata ba ne, na tsohuwa Philomène ne mai kiɗan molon coci. Ya daɗe tsaye a ruwan. Sannan ya ɗaure akwatin da irin ƙullin da ya saba yi wa jirgin fito, suka jawo shi zuwa kan jinga.

"Sannu, Inna Philomène," ya ce mata. "Kin yi nisa da gida."

Sun dawo da mamata da yawa a wannan kaka. Dangi suna zuwa daga inda suka yi gudun hijira, suna rungume shi suna kuka suna godiya. Yakan ce babu komai, ya juya ya koma jirgi. Akwatunan da ba a gane masu su ba an jera su a wata rumfa, ma'aikata suna tambayar kowa da me aka binne nasa. Ovide ya ce shuɗiyar riga, carbi fari, kuma babu yatsu biyu a ƙafar hagu. Sau biyu aka kira shi ya duba. Sau biyun ya fito yana girgiza kai.

Sanyi ya shigo. Aka ba shi ɗakin kwana na tirela, ya kafa shi a inda gidansa yake. Yawancin maƙwabta ba su dawo ba. Wata rana suna tsakiyar fadama Clovis ya kashe inji.

"Ovide, daga nan sai teku. Wataƙila can ta tafi."

"Ba ta iya ruwa ba. Ka sani sarai ba ta iya ba."

"Na sani, mutumina."

"To kunna mu tafi."

Clovis ya kunna. Sun ƙara shekara biyu suna fita, da farko kullum, daga baya ranar Asabar kawai, don Clovis yana da bakunan ciyarwa. Tari ya kama Ovide ya ƙi sakinsa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a cikin jirgi, Clovis ya kira Odile, wannan karon kuwa babu wanda ya nemi ra'ayin Ovide.

A Houston ta ba shi ɗaki mai kyau a bene, jikokinsa suna ta hidima da shi. Ba ya ƙorafi. Duk Lahadi da yamma yakan sa a kira masa Clovis, tambayarsa ɗaya ce: "An ga wani abu?" Clovis yakan ce ba a gani ba tukuna. Sai su yi hirar kifi kaɗan, su ajiye waya. Haka har bazarar da ya rasu, cikin barcinsa na rana.

Odile ta binne shi a can, a wata maƙabarta mai tudu a bayan birni. Clovis ya zo da baƙar kwat ɗin aro, ransa a ɓace. Bayan an watse ya tare ta.

"'Yar nan, ai da kin kawo shi gida. Mutumin kogi ne. Wa ya sani a nan?"

"Kawu Clovis," ta ce, "na rasa inda zan je in gai da uwata. Ba zan kai ubana inda ruwa zai sake ɗauke min shi ba."

Clovis ya dubi jar ƙasar, busasshiya, babu ko kududdufi a kusa. Ya buɗe baki zai yi gardama, ya fasa. Ya kama hannunta, suka taka a hankali zuwa mota.