Babi Biyu da Malam Motaleb Ya Bari

Labarin ya same ni ranar Laraba, tara ga Yuli, ina tsaye kan tulin rodi a Sohar, can ƙasar Larabawa inda nake ƙwadago, da ma'auni a hannuna. Shiuli ce ta kira, 'yarka ta fari. Ta ce, "Yaya Delwar, Baba ya tafi da hantsi." Allah ne Ya ba mu aron ka, Ya kuma karɓi abinSa. Aka binne ka a garinmu Naogaon bayan la'asar ana tsuga ruwa, ni kuwa fasfona na kulle a aljihun teburin mai gidana.

Ba zan ce kana da sanyin hali ba, Malam Motaleb Pramanik. Ka ƙi jinin ƙarya kana raye, ba zan lulluɓa maka ita a makara ba. Shekara talatin da ɗaya kana koyar da lissafin aljabara ga 'yan ajin farko a kwalejin garinmu, kuma ban san ɗalibin da bai taɓa zagin ka a zuci ba. Ni na fi kowa daɗewa ina yi.

Ka san yadda muke karatu. Mun fito daga ƙauye, littattafan da Turanci, sai mu sayi littafin kasuwa mai tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, mu haddace kamar karatun sallah. Shekara shida tambaya guda na fitowa a kan matiriks, jadawalin nan na lambobi, wasu a kwance wasu a tsaye: a ninka A da B. A shekararmu ba ka taɓa lamba ko ɗaya ba. Juya su kawai ka yi, ka ce a ninka B da A. Mu arba'in da uku muka zuba amsar da muka haddace, ka zuba mana sifiri.

Na same ka a ofis ina huci. Na ce, "Malam, ai lambobin ba su canja ba."

Ka ce, "Aku, je ka tambayi innarka. Ta turara shinkafa sannan ta surfa, ko ta surfa sannan ta turara, duk ɗaya ne? Ai shinkafa ɗaya ce, tukunya ɗaya, turmi ɗaya."

Sifirin nan ya cinye mini shekara guda, ya rage darajar takardata. Da aka zo ɗaukar malamai aka wuce ni. Wasu da suka yi hadda a azuzuwan malamai masu sauƙin kai yau suna bayan tebur, fanka na kaɗa su, ni ina yanka ƙarfe a ƙasar mutane shekara goma sha huɗu. Na ɗora maka wannan duka. Amma amsar da na rubuta ba daidai ba ce, kuma tun ranar na sani.

Abin da ba na faɗa wa mutane shi ne shekarar da muka maimaita. Kowace Juma'a bayan masallaci kana tara mu a barandarka, uwargidanka Rokeya Begum ta ajiye mana kwanon muri, guggurun shinkafa da man mastad da barkono, kai kuma ka yi ta bayani da harshenmu, ko taka ɗaya, kuɗin ƙasarmu, ba ka karɓa. A nan na fara gane cewa matiriks aiki yake yi a kan abu: ya juya shi, ya miƙe shi, ko ya matse shi. A nan ka ce wani aikin ana iya warware shi a dawo baya, wani kuwa sam, kamar shinkafar da aka surfe, ba ta komawa cikin ɓuntu. Lokacin da mahaifina ke kwance a asibiti ka zo a kan kekenka, wandonka duk taɓo. Ka gaishe shi, sannan ka juya takardar magani ka rubuta mini tambaya uku a bayanta. Ka ce, "Jinya ba hutu ba ce."

Bara ka kira ni. Ka ce littafin da kake rubuta wa 'yan ajin farko da harshenmu, babi goma, ka gama takwas, hannunka ya fara rawa.

Na ce, "Malam, nemi waɗanda ka ba maki. Ni rodi nake yankawa."

Ka ce, "Waɗanda na ba maki ba su taɓa zuwa ofis sun yi mini gardama ba."

Na ce caji ya ƙare, na kashe waya. Ba ka sake kira ba, ni ma ban kira ba. Wannan kam an surfe.

Kwana tara bayan rasuwarka Shiuli ta sake kira. Gidan na haya ne, za a mayar ƙarshen wata, ɗanka Tuhin dole ya koma aiki Dhaka, babban birni. Ya riga ya kira mai sayen tsofaffin takardu, taka ashirin kilo, a je a naɗe su ana zuba wa mutane muri a tasha. Ban ga laifin Tuhin ba. Buhu bakwai ne, kuma ga wanda bai zauna a barandar ba duk takarda takarda ce.

Na ce mata, "Ƙanwata, tsayar da shi. Akwai littafin Baba a ciki."

Ta ce, "To wanne ne, malam aku? Mutumin har ya rataye sikelinsa."

Na ce ta nemi wanda aka ɗinke da zaren rama, domin haka kake ɗinke duk abin da ka ɗauka da muhimmanci. A buhu na huɗu ta same shi, an riga an auna. Ta aiko mini hoton shafi ɗari biyu da goma sha biyu. A na ƙarshe ka rubuta sunan babi na tara, kan layukan da matiriks ke miƙewa ko matsewa amma ba ya karkatar da su. Sauran shafin fari fat, sai a gefe, da rubutu mai rawa: "Aku zai yi wannan."

Ba ka tambaye ni ba, kamar kullum. To na ji. Juma'a ce kaɗai ranar hutuna, kuma na ba ka ita. Makon jiya na fara, na kuskure misalin farko, na ba kaina sifiri, na sake. Babi biyun za su isa hannun Shiuli kafin sababbin ɗalibai su shiga aji, in Allah Ya bar ni da rai, kuma sunanka kaɗai za a sa a bango. A tambayoyin ƙarshen babi zan juya A da B.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yafe maka kaifin harshenka don gaskiyar da ke bayansa, Ya yalwata maka kabari, Ya sa kowane ɗalibi da ya gane saboda kai ya zama nauyi a ma'auninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Rokeya, da Shiuli, da Tuhin, da mu arba'in da ukun nan duk inda neman abinci ya watsa mu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da kyau. Amin.