Layi na Bakwai Ya Tafi da Keziya

Ranar Talata, 14 ga watan Yuni, 1994, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, Ubangiji ya kira Mama Keziya, matar yayana marigayi, a gidanta da ke Manchok. Labarin ya iske ni a Kafanchan washegari, daga bakin wani direban bas. An ce shekarunta tamanin. A sanina sun kai tamanin da uku.

Keziya, ina ɗan shekara tara aka kawo ki gidanmu, kika raɗa mini suna "mijina", ba ki kuma janye shi ba har na yi furfura. Ranar da zan tafi kwalejin horar da malamai, kin tako da ƙafa tun daga Manchok da ƙullin acca a ka, kika tarar jirgi ya fara motsi, kika bi shi da gudu kika cusa mini ta taga. Da Allah ya ɗauke matata Angelina, kin bar cittarki a gona ba a haƙa ba, kika zauna da 'ya'yana wata biyu cur.

Bayan na yi ritaya, na ɗauki aikin tattara waƙoƙin yaran ƙasarmu domin makarantun firamare. A ciki akwai waƙar ƙirga da 'yan mata ke yi a wasan carafke, labarin kazar da ta shiga accar Kaka. Layi goma ne, na samu tara. Na shida ya ce, "Shida, kaza ta hau rumbu." Na takwas ya ce, "Takwas, Kaka na ta kuka." Abin da ya faru a bakwai, babu wanda ya tuna. Na je Nok, na je Kagarko, ko'ina sai a ce in tambaye ki.

Na zo miki a watan Afrilu, da kwat da littafi da alƙalami. Kika fara, kika kai shida, kika tsaya.

"Mijina, wannan waƙa ba ya fita a kan kujera," in ji ki. "Sauka ƙasa mu ɗauki duwatsu. Ni in cafe, kai ka amsa, tunda amshin yana takardanka. In hannu ya tuna, baki zai faɗa."

A tsakar gidan akwai tsofaffin ɗalibaina biyu da suka zo gaishe ki. Na ce miki hedimasta ba ya zama a ƙasa yana wasan 'yan mata, ki yi tunani, zan dawo bayan shuka.

Kika yi dariya. "To, Hedimasta, je ka ajiye wandon, ka dawo."

Ban dawo ba sai ranar jana'izarki. Jikarki Afiniki ta nuna mini duwatsun da kika tsinto tun a makon da na zo miki, kika ajiye a kofi bayan ƙofa. Da jama'a suka watse, na zauna a ƙasa, ita tana cafewa ina amsawa. Sau goma sha ɗaya muka kai shida. Ita ba a koya mata na bakwai ba, ni kuma hannuna bai taɓa yin wasan ba, balle ya tuna.

Mai buga littafin yana jira. Ɗana Wilfred ya ce in ƙirƙiri layi in saka, ba wanda zai gane. Shekara talatin da biyar na yi ina hana yara cike gurbi da abin da ba su sani ba. Zan bar wurin fari. Yaran da za su karanta za su tambayi malamansu me ya sa Kaka kuka, malaman kuma ba su da amsa, kuma laifin nawa ne.

Ki yafe mini, Keziya. Ubangiji Mai Jinƙai ya gafarta miki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki Emilia da Bernice, da jikokinki, da zumuntar matan ikilisiyar Manchok. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni ma ku sa ni cikin addu'a.

Zamani Abednego
Tsohon hedimasta, Kafanchan