Yatsun Tasalla Mai Wanka

A unguwar Zariya ta Maraɗi, idan mace ta cika, Tasalla ake fara aika wa kafin ma liman ya ji. Ita ce mai wankan gawa. Haifaffiyar Tibiri ce, aure ya kawo ta birni, mijin ya rasu ya bar mata ɗa guda, Idirisa, da kaskon ƙosai. Ƙosan ba ya wani ciniki, don matan unguwa sun san inda hannun yake shiga. Sai su wuce suna gaisuwa har da durƙusawa, su je su saya a gaba. Ita ko a jikinta. Takan ce duk wadda ta ƙi cin na hannunta, akwai ranar da hannun nan zai juya ta dama da hagu ba ta ce uffan ba.

Wurin kakarta ta koyi aikin, kuma sharaɗi ɗaya tsohuwar ta kafa mata: abin da ido ya gani a jikin mamaciya, a ɗakin yake zama. Tabon duka ne, cikin da ba a sani ba ne, layar da aka ɓoye a ƙugu ce, duk tare da mai su ake binnewa. Tasalla ta riƙe wannan amana gam. Masu son jin ƙwaƙwaf sun bugi cikinta shekara da shekaru, har suka gaji suka bar ta.

Idirisa ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, kaɗan, ya sayar da fetur a kwalba, daga nan bakinsa ya kai shi siyasa. Shekarar da aka ce gari zai zaɓi kwanseye, wato wakilan majalisar gari, da kansa, su kuma su zaɓi magajin gari, sai jam'iyyarsa ta sa shi cikin ƴan takara. Tasalla ta yi murna ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba.

Jikin katangarta akwai gidan haya, a ɗakin ƙarshe wata tsohuwa mai daddawa, Asabe. Ƴar Arnan Jiratawa ce, da girmanta ta musulunta, ba ɗa ba jika. Tun da ciwo ya kwantar da ita, Tasalla ce mai kai mata kunu.

Ranar zaɓe damina ce, an kwana ana ruwa. Da gari ya waye Tasalla ta shiga da kwanon kunu, ta tarar ƴan hayar duk sun tafi kama layin zaɓe a lakwal, Asabe kuma tana kan gargara. Ta zauna ta laƙanta mata kalmar shahada har rai ya yi halinsa. Ta rufe mata ido, ta yagi bakin ɗankwali ta ɗaure haɓa, ta miƙe ƙafafun sambal, ta juya ta alƙibla, ta lulluɓe ta da zane. Sannan ta ja ƙofa.

A ƙofar gida ta ci karo da Idirisa cikin babbar riga.

"Asabe ta riga mu gidan gaskiya," in ji ta. "Ka hwaɗa ma liman, ka aika Jiratawa a gaya ma ƙanenta Nomau."

Ya yi salati. Sai ya ce, "Wa ya sani, Inna?"

"Ni da kai."

"To. Yau mota ba ta hita gari sai da takarda, amma ki bar mani, ni san yadda ni yi."

Ta tafi neman likkafani. Kasuwa a rufe, sai da ta bi wani mai yadi har gida. Ta tsinko ganyen magarya, ta biya lakwal ta bi layin mata, ta jefa wa ɗanta ƙuri'a, aka tsoma mata babban yatsa a tawadar nan da ake sa wa wanda ya riga ya yi, don kada ya koma. Rana ta take tsaka kafin ta dawo. Ba tabarma a ƙofar gidan hayar, ba wanda ya ji shela. Kaji kawai ke kiwo a tsakar gida.

Ta tura ƙofar ɗakin. Asabe tana nan kwance, amma fuskarta bango take kallo. An sa mata hijabi. Ɗaurin haɓar babu shi, bakin ya ɗan buɗe. A ƙafarta akwai silifa, da ɗanyen taɓo a jiki. Da Tasalla ta yaye zanen sai ta ga gwiwoyin a lanƙwashe, cinyoyin a buɗe, sun sandare a haka, zaman wanda aka ɗora a kan babur. Ta kama hannun hagu ta juya. Babban yatsan baƙi ƙirin da tawada, irin ta nata sak.

Tasalla ta wanke gawa ta fi a ƙirga, ba ta taɓa jin tsoron ko ɗaya ba. Ran nan ta ji tsoro, ta zauna a ƙasa.

Sai bayan azahar aka yi shelar rasuwar. Mata suka fara shigowa. Zuliha, wata bazawara da ke zuba mata ruwa idan tana wanka, ta shigo tana share hawaye.

"Allah shi yi ma Idirisa albarka, Inna," in ji ta. "Da sahe da idona na gani, shi da wani sun sa Asabe tsakiya bisa babur ɗin kabu-kabu, shi ya riƙe ta ta baya. A kujera sunka shiga da ita biro, ɗakin zaɓe, sunka yi mata shaida su biyu tun da ba ta da takarda. Na gaishe ta ba ta amsa ba, ashe jiki ya yi nisa. Ta yi zaɓenta ta komo ta cika."

Tasalla ta ce, "Sa ruwa a wuta."

Da ruwan ɗumi ta yi ta lallashin gwiwoyin har suka miƙe. Yatsan kuwa ta bi shi da sabulu, ta bi da toka, ta bi da lemun tsami. Tawadar ko gezau. Da ita aka naɗe Asabe.

Nomau ya iso da la'asar, a ƙafa, dogon tsoho da gatari a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ɗakin bai shiga ba.

"Yaushe ta cika?" ya tambaya.

"Lokacin da Allah ya yi," in ji Tasalla.

Ya daɗe yana dubanta. "Da hantsi ina noma na gan ta bakin gona," ya ce. "Ba ta yi magana ba. Hannu ɗai take miƙo mani, kamar mai son a goge mata wani abu."

Idirisa ya ci zaɓe. Aka yi kiɗa a ƙofar gida har mata suka jawo Tasalla tsakar fili, ta taka sau biyu ta koma ciki. Ba ta ce masa komai ba, ran nan ko bayansa. Abin da ta gani a jikin gawa ta gan shi, kuma wanda za ta tona ɗanta ne. Shi ma ya ɗauka tsohuwa ba ta lura ba, ko ta lura ta manta. Ya yi mata rufin kwano, ya hana ta suyar ƙosai, tana karɓa tana sa albarka.

Amma daga ranar, duk gawar da aka kira ta, yatsan take fara dubawa. Ɗakin Asabe kuma ya ƙi zaunuwa. Duk wanda ya kama sai ya tashi, ya ce da hantsi yana jin babur ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa bai ga kowa ba. Tasalla ma tana ji ta bayan katanga. Abin da ya fi cin ranta shi ne ta san ita ma wata rana za ta kwanta ba ta iya ture hannun kowa.

Shekaru suka shuɗe. Aka yi rikicin tazarce, soja suka karɓi mulki, aka sake buga gangar zaɓe. Yanzu Idirisa ya yi tumbi da mota, kujerar magajin garin Maraɗi yake hange. Tasalla kuwa ta kwanta, kwanciyar da ita da kanta ta gane irinta.

Jajibirin zaɓe da yamma ya shigo gaishe ta, waya tana ta kuka a aljihunsa.

"Ki daure, Inna," ya ce. "Gobe da sahe ina aiko a ɗauke ki, ko a kujera ne. Abin ya matse, ƙuri'a guda ma wani abu ce."

"Allah shi kai mu," in ji ta.

Da ya fita ta kira Zuliha, ta aike ta marina a samo mata ruwan baba mai kauri a ƙoƙo. Zuliha ta ɗauka magani ne. Tasalla ta tsoma yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta bari su sha iska, ta sake tsomawa, har goman suka yi baƙi.

Bayan asuba ta cika. Zuliha ta yi mata duk abin da ta koya, ta fito za ta sanar, sai ga Idirisa a ƙofar gida da ɗan kabu-kabu. Ta faɗa masa. Ya yi salati, ya ce ta dakata tukuna, ya shiga ɗakin shi kaɗai ya ja ƙofa. Babur yana ta ruri a waje.

Ya durƙusa, ya ɗaga gefen zanen, ya jawo hannun hagu. Ko bankwana zai yi, ko wani abu ne a ransa, Allah kaɗai ya sani. Ya ga babban yatsa baƙi. Ya ga sauran. Ya jawo na dama, haka. Ba wurin da ya rage da za a ɗiga tawada. Nan ya gane ta sani tun ranar Asabe, ta kuma yi shekarun nan tana jin tsoronsa, ita da ta haife shi.

Ya daɗe kafin ya fito. Ya ce wa ɗan kabu-kabu ya kashe mashin, sannan shi da kansa ya tafi gidan liman da ƙafarsa.

Da hantsi aka kai Tasalla. Mata sun tambayi Zuliha abin da ya sami yatsun, ta ce ita ba ta ga komai ba. A maƙabarta Idirisa da hannunsa ya yi ta tura ƙasa, yatsansa fes. Ƴan jam'iyya suka yi ta zarya suna kiransa, shi kuwa yana zaune a kan tabarmar makoki, har aka rufe biro bai je ba.