Yagaggiyar Kisra

Ni ne wawan da ya yi shekara goma sha wani abu yana ɗaga kisrar matarsa, gurasar dawan nan marar kauri kamar takarda, ga rana. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Idan ta sauke fallen farko daga doka, baƙin faifan ƙarfen nan da ake gasa kisra a kai, sai in kama gefensa da yatsu biyu in ɗaga sama, in rufe ido ɗaya kamar likita da hoton ƙirji, in ce, "Tamam, yau ina hango akuyar maƙwabta ta ciki." In kuwa na ga 'yar huda, sai in zura yatsa in ce, "A'a, taga aka buɗe mana?" Ni a wurina wasa ne. Aji biyu na yi a makaranta aka ce in je in huta. Abin da na iya a duniya shi ne yankan dawa a Gedambaliya da surutu a kasuwa, kuma surutun ya fi yankan kyau.

Ita ba ta taɓa yin dariya ba. Ban lura ba.

A shekarun farko na mulkin masu gemu burodi ya yi wuya, sai ka bi layi rana ta gasa ka, kowa ya koma kan kisra. Lokacin ne uwar yara ta ɗauki kwando ta shiga layin mata masu kisra a kasuwar Gadarif. Ranarta ta farko wata mai saye ta leƙa kwandon ta ce, "Fallatiya da kisra? Ku tsaya ga godogodonku mana." Fallatiya sunan da suke kiran matanmu ke nan, mu da kakanninmu suka zo daga yamma, godogodo kuma furarmu ce ta gero. Maganar nan ta shige ta kamar ƙaya. Daga ranar duk fallen da ya yage, ko ya yi kauri a gefe, ko wuta ta ɗan lashe shi, ba ya ganin kasuwa. Mu muke cinye shi, in ya yi yawa akuya ta taya mu.

Ba kisrar kaɗai ba. Masu kamen mata suna yawo da mota, mu muna ce musu 'yan kasha. Su kife wa mai shayi murhu, su tsayar da mace don silin gashi ya leƙo daga mayafi. Matata takan ɗaure tobinta, lafayar matan nan, sau uku kafin ta fita, ta sa fil, ta kwance, ta sake. Ta ce mace mai zaman kasuwa kuskure ɗaya ake jira ta yi. Har yau ina tuna wani mai sabon gemu da yake saye a wurinta. Ya tsaya da kisrarta a hammata yana yi mata wa'azi cewa mace a ɗaki take da daraja. To, ya zol, kai bawan Allah, wa zai gasa maka, gemun naka? A zuci na faɗa. A fili murmushi na yi masa, don ni jarumin bayan gida ne.

Amma kada in ɗora wa gemu duka laifin. Ni ma na yi nawa, har na fi su. Ina zama gindin bishiyar bedi da abokaina in ce, "Wanda ya samo huda ɗaya a kwandon matata, in aske gashin bakina." Sai shashashun su je su tsaya a kanta suna ɗaga falle ɗai-ɗai suna dariya. Ni ina ta kumbura kamar ni na gasa. Ita kuma ta ƙara tashi da wuri, ta ƙara tace ƙullu, ta ƙara zubar da abin da ba shi da laifin komai.

Sai hannun ya gaji. Wata kakar riɗi wuyan hannunta na dama ya fara rawa. Kisra kuwa ja ɗaya ake yi mata da gargariba, ɗan guntun kaba da ake shimfiɗa ƙullun da shi. In hannu ya yi gargada, fallen ya tafi. Ta ja, ya yage. Ta goge doka ta sake, ya yage. Na tarar da ita hayaƙi ya cika mata ido, tulin yagaggu a gefenta. Kun san abin da bakin nan nawa ya ce? "Yau tagogi har da ƙofa." Ta miƙe, ta watsa wa wutar ruwa, ta kife kwandon.

"Kalas, ya isa, Malam. Na bar kasuwa."

"Saboda 'yar huda?"

"Ba zan kai abin da za a ɗaga a yi dariya ba."

Kwana tara ba ta fita ba. A layin nan kuwa, in wurinki ya daɗe ba kowa, wata ce za ta shimfiɗa buhunta, shi ke nan ya tafi. Maƙwabciyarta a layi, wata tsohuwar bazawara mai baki kamar lauje, ita ke ajiye dutse a wurin tana faɗa da mutane, ta aiko cewa ba za ta iya har abada ba. Matata tana zaune a tsakar gida tana kallon hannunta kamar ɗan da ya yi sata.

Rana ta goma na yi wautar da ta fi duka. Na hura wuta na zauna gaban doka. Abin da na gasa, Allah Ya sani, ya fi kama da tafin takalmi. Na tula a kwandonta na ɗauka a ka, namiji da gashin baki, na ratsa kasuwa ana yi mini guɗa. Bazawarar ta ce, "Innalillahi! Wannan da me ake cinsa, da guduma?" Sai ga lori ya sauke 'yan yankan riɗi daga Fashaga, fuska duk ƙura, yunwa tana kaɗa su. Suka saye, suka tsuguna wurin mai miya, suka cinye tas. Ko ɗaya bai ɗaga komai ga rana ba.

Da labari ya isa gida ban samu godiya ba.

"A wurina? Da kwandona? Ka zubar mini da mutunci da wannan fatar raƙumi?"

"An cinye fa."

"An cinye?"

"Har ana neman ƙari."

Ta zuba mini ido, irin kallon da ke sa in nemi takalmina. Na ga fushi yana hawa fuskarta, amma wannan karon ya wuce kaina, ya tafi can baya, kan duk asubahin da ta yi tana zubar wa akuya da guminta.

Washegari ta gasa da hannunta mai rawa. Rabi ya yage. Ta jera duka a kwando, masu huda a sama ma, ta ɗaura tobi sau ɗaya, ta fita. Na bi ta daga nesa kamar kare mai laifi. Ɗaya daga cikin abokaina ya zo da dariyarsa, ya kai hannu zai ɗaga falle. Ta buge hannun da murfin kwando.

"Ci za ka yi ko leƙe? Hudar kyauta ce. In ba ka so, matsa, akwai mutane a bayanka."

Ya saya, ya wuce sumui-sumui. Matan layin suka kwashe da shewa, ita ma ta yi dariya har mayafin ya ɗan zame, ta gyara shi ba tare da gaggawa ba. A wurin nan ta ci gaba da zama har ƙafa ta hana ta.

Na matso ina washe baki, wai ni ma a sa da ni cikin murnar. Bazawarar ta dube ni daga hula har takalmi, ta tofar da ƙwallon dabino, ta ce, "Ta yafe wa hannunta, ya haj. Saura kai, kuma kada ka sa rai da wuri."