Ƙaiƙayin Gajere

Gajere mai baibaya ya fi daɗewa a saman ɗakunan mutane bisa ga ƙasa. Daga garinmu har Rimaye, har Dudunni ta ƙasar Kusada, da wuya ka ga jinkar da hannunsa bai taɓa ba. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Kafin ya hau kowane ɗaki sai ya damƙi ƙaiƙayi ya watsa sama, ya tsaya yana kallon inda iska za ta kai shi, don kada ta kwance masa ciyawa yana tsakar aiki.

A zamanin Turawa, shekarar da aka rufa wa makarantar garinmu kwano, Di'o ya aiko da akwati don bikin da suke yi wa daularsu a ƙarshen bazara. Cikinsa sanduna ne masu albarushi, waɗanda in an kunna sai su tashi sama su fashe da launi. Aka ce a filin makaranta za a harba su. Zana ɗaya ce ta raba filin da unguwa, kuma rumbun farko na Iyatu ne, taubashiyar Gajere, wadda mijinta ya rasu. Irin geron da za ta shuka duk yana ciki. Ga shi kowace jinka ta bushe ƙayau, tana jiran ruwa.

"Kai zakaran bisa ɗaki," in ji Iyatu, "ka ji za a yi muna ruwan wuta?"

"Na ji, tsohuwa."

"To, in irina ya ƙone, kai zan shuka."

"Ko kin shuka ni, ba ni ƙara tsawo."

Ya yi dariya, amma bai iya cin tuwonsa ba. Washegari ya tafi wurin Malam Mamuda, hedimasta, ya tuɓe takalmi ya gaishe shi, ya faɗa masa tsoron da yake ji wa rumbun Iyatu.

"Baba Gajere, takardar Di'o ta ce filin makaranta. Kuma wutar nan sama take tahiya, mi ya gama ta da rumbu?"

"Allah gafarta malam, shekara talatin ina hawa sama, ban taɓa kwana can ba. Abin da ya hau yana saukowa. Ka ara mani kanka da la'asar sakaliya."

Da rana ta yi sanyi suka tsaya tsakiyar fili, Gajere riƙe da ƙwarya. Ya watsa ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ya tashi kamar garken tsuntsaye, ya ƙetare zana, ya sauka a hankali bisa rumbun Iyatu. Gajere ya sake, haka. Na uku Malam Mamuda ne ya watsa da hannunsa, ya bi shi da ido har ya sauka. Shi ma a ɗakin ciyawa aka haife shi, can Yashe.

"Kwano ya mantar da ni," in ji shi. "To amma takarda fa, Baba?"

"Fakon nan na bayan rafi, inda kake kai yara tsere, na wa ne?"

Malam ya murmusa. "Inda yaran makaranta ke gudu, ai filin makaranta ne."

Can aka kai akwatin. Bayan magariba sama ta yi furanni, ja da kore, suna buɗewa suna zubewa. Mutanen gari suka yi ta salati. Sanda ɗaya ta kauce, ta faɗo tana tartsatsi, ta yi birgima a kan tsandauri har ta mutu don rashin abin ci. Gajere bai ga ko ɗaya ba. Yana zaune gindin rumbun Iyatu da tulu biyu na ruwa, ya ba bikin baya, idonsa na kan jinka.

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka, Iyatu ta yi shuka. Da kaka ta aika masa da dami guda, da saƙon wai ya sussuke ya ci tsabar, ƙaiƙayin kuwa ya adana, tunda shi ne littafinsa. Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, yana hawa yana sauka, kuma ban ƙara jin wanda ya yi masa dariya in ya buɗe tafinsa ga iska ba.