Ranar da Muka Binne Fasto

A Isa babu alƙalin wasan da muka yarda da shi sai Fasto. Shi ne limamin ɗan cocin da ke bayan kasuwa, gajere mai tumbi, amma in ya saka gajeren wando ya ɗauki usur, sai ya riga ɗan gaba isa raga. In muna karawa da 'yan Tozai, shi kaɗai ne ba shi da ƙani ko suruki a fili. La'asar na yi zai busa, ya kora mu salla, ya zauna kan ƙwallo yana gadin takalmanmu. Sau biyu yana ba ni jan kati saboda bakina, kuma duk na cancanta.

Da 'yan bindiga suka matsa, mabiyansa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ƙi tafiya. Ciwo ya kayar da shi cikin bazara, ya rasu da hantsi, daga shi sai matarsa. Hanyar garinsu ba ta biyuwa, babu wuta, zafi kuma ba ya jiran kowa. Ta kama hannuna tana kuka.

"Ɗana, kar ku bar shi ya lalace. A sa shi cikin akwati, shi ke nan roƙona."

Kafintanmu bai taɓa yin akwatin gawa ba. Ya farke bencinan coci biyu ya haɗa. Mu tsofaffin 'yan ƙwallonsa muka ɗauka zuwa maƙabartarsu ta bayan gari, inda ba mai hankalin da ke kai la'asar saboda 'yan bindiga masu babura.

Can muka tarar da aikinmu. Waɗanda muka tura sun haƙa kabari irin namu, siriri, daidai kafaɗar mutum cikin likkafani. Akwati ya ƙi shiga. Muka hau faɗaɗawa da fatanya biyu da hannuwa, ƙasa kamar dutse, farcena ya ɓare, kowa na waiwayar daji. Ni dai zagin kaina nake yi ina kuka.

Da ƙyar ya zauna. Muka yi cirko-cirko. Tsohon golanmu ya dube ni.

"To, wa ka yi mai addu'a? Mu ba mu san tasu ba."

Sai a lokacin na tuna. Mun baro matarsa a gida, don a wurinmu mata ba sa raka gawa. Babu wanda ya ko yi tunanin tambayarta. Rana ta riga ta karkata, komawa ɗauko ta ba zai yiwu ba. Muka mayar da ƙasa shiru, muka dawo da sassarfa.

Na same ta a bakin ƙofa kan kujera, cikin farin zane da ɗankwali, ta saka takalma, littafinsu a cinyarta. Ta ga ƙasa a jikina, ta miƙe da sauri.

"Kun gama haƙan? To mu je, na zaɓi inda zan karanta masa."